Mayen Ƙarfe

Shekara tara ina gyaran rediyo a Ƙofar Marusa,
na san inda murya take kwana:
bayan sifika, jikin wani baƙin zobe
da yara ke roƙo su tsinci ƙusa da shi.
Amma ta cikin kaina ba ta da wurin kashewa.
Su uku ne. Ɗaya tsohuwa,
ɗaya yana lissafa kurakuraina tun na firamare,
na ukun sunana kawai yake kira: Hambali. Hambali.
Ko a sujada.

Goggo Dela ta ce mayu ne.
Na sha rubutu, na sha hayaƙi,
na sha ƙwayar asibiti shekara huɗu ba fashi.
Tsohuwar ta yi shiru, biyun suka gyara zama.

Ran Talata likita Zuwaira ta zaunar da ni,
ta auna kaina da tef kamar tela,
ta ɗiga alama sama da kunnen hagu.
Abin da ta ɗora a wurin kamar takwas ne a kwance.
"Me ke ciki?"
"Mayen ƙarfe."
Na yi dariyar da na manta ina da ita.
Ashe Goggo ta kusa gaskiya,
maye aka kawo ya kori maye.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da haƙuri,
bai damu a buɗe ba.
Fatar kai na tsirawa, muƙamuƙi na rawa,
minti ashirin, safe da yamma.
Ta ce, "Ba alkawari. Wasu yana yi musu, wasu a'a.
Kuma kar ka bar ƙwaya."

Kwana shida ba komai sai ciwon kai.
Na bakwai, mai lissafi ya yi tuntuɓe tsakiyar magana.
Na tara na tako gida da ƙafa,
wajen Gobarau na tsaya cak:
tattabaru. Dama haka suke kuka kullum?
Mai rake yana kankara, na ji kowane jan wuƙa.

Mai kiran suna bai tafi ba.
Yana can nesa, kamar tashar da eriya ta gaza kamawa.
Yana iya matsowa, an faɗa mini.
Yau dai na buɗe shago.
Wani dattijo ya miƙo rediyo, ya ce tana shuu.
Na kara a kunnen hagu,
na ji shuu ɗin, shi kaɗai.