Ƙaya a Cikin Baiti

Ranar Talata, ajin ƙarshen baranda,
ruwan sama na dukan tagar da ke kallon tashar jiragen ruwa,
Malama Graciete ta raba mana takarda ɗai-ɗai,
ta ce, "Yau waƙa za mu feɗe."

Na yi dariya a ciki.
Mu a Matosinhos fiɗa ai gadon gida ce.
Shekara ashirin da biyu inna na tsaye a masana'antar kifin gwangwani,
wuƙa a dama, kifi a hagu,
kai ya fita, hanji ya fita, kafin ka ƙifta ido.

Sai dai ita waƙa ba ta kwanciya a katako.
Na ƙirga gaɓoɓi da yatsu a ƙarƙashin tebur:
goma, goma, goma,
na huɗu ya zo sha ɗaya, ya ƙi zama.
Na ɗaga hannu. "Malama, mai waƙar nan ya yi kure."
Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga.
"Karanta da ƙarfi, Telmo."
Na karanta.
Daidai inda gaɓar ta yi yawa numfashina ya sarƙe,
nan ne kuma tsohon cikin waƙar
ya tarar da takalman ɗansa a bakin gaɓa, ba ɗan.
Ta ce, "To wa ya yi tuntuɓe, shi ko kai?"

Wata biyu muna haka.
Jigo, salo, kari, amsa-amo,
kamance, siffantawa, zubi da tsari.
Duarte da ke gefena ya haddace su kamar lambobin bas,
ya ci sha bakwai cikin ashirin.
Ni sha ɗaya, da gajeren rubutu a ƙasa:
"Ka faɗi sunan komai, ba ka faɗi abin da ya yi maka ba."

Sai ta ce kowa ya kawo tasa,
ɗango sha huɗu, kafin Juma'a.

Na hau kan bangon bakin teku da littafi,
tsuntsaye na faɗa a kan kwandon shara,
na kira teku madubin sama,
na kira shi makwancin jarumai, uban ƙaddara,
na jera amsa-amo kamar haƙoran roba,
kowanne fari, ba mai tauna komai.

Takardar ta dawo da jan biro
sai ka ce an yanka kaza a kanta.
Ɗango ɗaya tal ya tsira,
wanda na cusa don cike gurbi da dare ya yi:
inna na goga lemun tsami a hannu kafin ta taɓa burodi.
A gefe ta rubuta,
"Nan ka fara magana. Sauran zanen aro ne,
kuma ka ga bai rufe katara ba."

Na yi fushi har Lahadi.

Daren Lahadin, a kicin, na karanta wa inna.
Ba ta ɗago ba, tana zare ƙaya daga kifinta
tana jerawa a bakin faranti, kamar kullum.
Da na gama ta ce, "Ba daidai ba ne."
Na ce, "Ina?"
"Burodi me ya sani da ƙarni?
Fuskarka nake zuwa shafawa in na dawo, kana barci.
Tun kana goye ba ka son warin."
Ta miƙe ta kai farantin wurin wanki.

Na gyara ɗangon a tsaye, jikin firiji.
Na ƙirga da yatsu.
Ya wuce awo, ya wuce sosai.
Na nemi kalmar da zan datse,
duk wadda na taɓa sai ta yi motsi.

Haka na kai shi Litinin.
Malama ta karanta, leɓenta na ƙirga,
ta tsaya a wurin, ta daɗe,
biro a hannu, murfinsa a baki.
Waje, motar masana'anta ta wuce, ƙanƙara na ɗiga daga bayanta.