Ma'auni na Bakwai

Ubana ƙanƙara ya sayar a Injamena,
bulo-bulo, cikin dusar katako da buhun algarara,
yana tsere da rana tun daga hantsi,
ribarsa na ɗiga ta ƙasan amalanke.
Ni kuwa ga ni a ƙoƙuwar Tibesti,
kwana biyu bisa jaki daga Bardai,
ina haƙa, ina neman abin da ya riƙa tsiyaye masa.

Dokta Kaltuma ta ce: Mato, dubi duwatsun nan
da suka yi zobe-zobe kamar an jera murhu.
Ba hannun mutum ba ne, ba kuma na aljan ba.
Ruwa ke shiga ƙasa, dare ya daskarar da shi,
ya kumbura, ya ɗaga tsakuwa tsawon ƙwayar gero,
safiya ta sake shi.
Yau da gobe, shekaru dubbai,
har manya suka koma gefe, ƙanana suka zauna tsakiya.
Na ce: ashe ƙasa ma tana bakace,
faifanta ne dai ba ya gaggawa.

Ma'auni goma sha biyu muka binne,
kowanne bai wuce ɗan yatsa ba,
wani a taƙi ɗaya, wani a kamu, wani har gaba guda,
su ji sanyi, su ji zafi, su riƙe a cikinsu,
kowace sa'a, ko babu mai tambaya.

Da asuba ruwan buta ya ƙi zuba.
Na yi taimama a gefen ƙasar da ta tsiro da allurai,
farare, a tsaye, kowace da 'yar hular turɓaya.
Kafin shayin Wardugu ya yi tafasa ta biyu
sun kwanta, sun zama danshi,
kamar ban gani ba.

Shekara ta kewayo, muka dawo da tsohon haƙori ɗaya a hannu:
Wardugu ya fiɗe nasa a hanya, bai ce uffan ba.
Sha ɗaya muka tono.
Ramin na bakwai a buɗe, da shatin farcen dila.
Dokta ta zauna a kan dutse, ta cire tabarau,
ta daɗe tana goge abin da ba ƙura ba.

Rana ta uku sai ga 'yar ƙanwar Wardugu
tana jan akuya mai kunne ɗaya,
a wuyanta, tsakanin laya da wuri,
na bakwai yana lilo.

Da aka jona shi da kwamfuta
layin ya fara kamar na 'yan'uwansa:
kullum dare ya nitse ƙasa da sifiri,
kullum hantsi ya ɗago kai.
Wata biyu a haka. Sai ya yi tsalle, ya yi rawa,
sannan ya lafa cikin ɗumi.
Duk daren da sanyi ya tsaga dutse
shi yana kwance a gashin maƙogwaro, cikin garke.
Dokta ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari.

Na can ƙasa, mai gaba guda,
bai taɓa daskarewa ba ko da sa'a.
Ta ce: ƙanƙarar da ba ta narkewa,
in ma ta taɓa zama a nan, ta daɗe da yin ƙaura.
Ta rubuta babu, ta ja layi ƙarƙashinsa.
Babu ma, in ji ta, sai an hau dutse ake samo ta.

Muka fanshi na bakwai da sukari kwano guda,
muka mayar da shi rami, muka danne da dutse mai nauyi.
Yarinyar ta ɗaura wa akuyarta murfin kwalba.

Takardarsa na roƙa, an ba ni, tana aljihuna.
Zan kai wa tsoho, ko da ba ya karatun boko.
Zai bi layin da yatsansa mai kanta,
ya tambaye ni nawa ake sayar da bulo yanzu.