Tsarabar Magariba

Teburina yana bakin Wunti,
kwalaben gullisuwa, iloka, minti.
Abin da bai sayu ba kafin magariba
shi nake ƙullowa a leda in kai gida.

Hindatu ta san ƙarar babur ɗina.
Tun ina kwanar Kobi take zaure,
hannu a miƙe, shekara huɗu,
ta yi barci da alawa a kumatu,
ni ina kallo, wai ni mai gata.

Daren Talata kuka ya tashe mu.
Uwar ta daka kanumfari ta cusa,
Inna ta ce, ku bar shi, na nono ne,
famfara za ta zo ta share komai.
Famfara ba ta zo ba. Kumburi ya zo.

A asibiti likita ta sa ɗan madubi,
ta ce in matso in gani da idona:
turmi biyu sun yi baƙin kogo
kamar gara ta samu azara.
Cokali nawa na sukari a shayinta?
Wa ke wanke mata baki kafin ta kwanta?
Na sunkuyar da kai ina murza hula.

Yanzu goba nake kawowa, da gyaɗa,
da ƙaramin buroshi ja.
Ta karɓa tana tura baki,
ta laluba aljihuna, ba komai.

Da safe kuma na buɗe tebur.
Ga ɗan wani da naira hamsin,
yana murmushi, haƙoransa fari fat.
Hannuna ya daɗe a kan murfin kwalba.