Gungumen da Ya Zo ta Ruwa

Da asuba suke isowa Oko Baba,
ɗaure da juna kamar fursunoni,
gungume na bin gungume a kan ruwa
ƙarƙashin doguwar gadar Ikko.
Ni ne mai jiransu a bakin gaɓa,
ni Tanimu, gammo a ka, ƙafa cikin laka.

Shekara goma sha ɗaya ina dakon katako.
Kafaɗata ta san nauyin loko,
ta san na maɗaci ko ido a rufe.
Amma sai bara na tsuguna na ƙirga
zoben da ke cikin wani da aka datse.
Na kai ɗari da ashirin, zarto ya kira ni,
na tashi na bar sauran.
Shi kuwa zarton, kafin shayina ya huce ya gama da shi.

Akanni mai jan gungume ya ce da ni
da yana yaro kwana biyu ake yi a kawo su,
yanzu sai an yi mako uku ana ratsa fadama,
kurmin na ja da baya kamar wanda ake bi bashi.
"Dubi kaurinsu ma," in ji shi,
"da mutum uku ba sa rungume ɗaya,
yau ga su nan kamar cinyar yaro."

Ubana falken goro ne a Agege.
Huhu bisa huhu ya loda zuwa Arewa,
da ribar aka sayi ragon sunana.
Yakan ce goro ɗan inuwa ne,
yana son manya su tsaya a kansa yana ƙarami,
ganyen da ake naɗe shi ma
a ƙarƙashinsu ake tsinko shi.
To ga ni, wanda goro ya raina,
ina ɗaukar gawar inuwarsa a kai.

Damina ta zo, ruwa ya shigo mana ɗaki,
ya tafi da buta da takalmin Lantana.
An cike fadama da yashi an dasa benaye,
ruwa ya rasa masauki ya zo namu,
kuma shi ba ya sallama.

Wata Lahadi Akanni ya sa ni a kwalekwale
muka nufi bayan Epe, wajen gwaggonsa.
Can na ga ragowar abin da nake ɗauka
yana tsaye da ƙafarsa.
Rana ta yi ta neman ƙasa ba ta samu ba.
Sanyi kamar ka sa kai a randa.
Aku ya yi mana tsegumi daga sama,
biri ya jefo ɓawon abin da ya ci,
ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye mai daɗi.
Na cire hula ban san dalili ba.

Iya Abeke ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata sosai.
Ta jera dashe a ledojin ruwan sha,
ɗaruruwa, tana ba su ruwa da gwangwani,
tana korar awaki, tana korar masu awon fili.
Ta miƙo mini ɗaya, ɗan loko, bai kai taƙi ba.
Akanni ya fassara:
"Ta ce ba za ka sha inuwarsa ba."
Na ce na sani.
Wanda ya shuka na zobe ɗari da ashirin,
in ma tsuntsu ne, bai sha ba.

Ban bar dako ba, yara na cin abinci.
Gobe ma gungume zai zo, zan tara kafaɗa.
Sai dai duk ƙarshen wata ina kai wa Iya kuɗin leda,
na kuma dasa nawa a bakin gonarta,
na kewaye shi da ɓarin katako,
matattu na gadin mai rai.

Jiya na je na tsuguna na ƙirga:
ganye bakwai.
Wannan karon na kai ƙarshen lissafi
kafin a kira ni.