Sau Ɗaya Ake Shekara Uku

Jikana Tanimu ya dawo daga Samaru
da wayarsa mai tsagaggen gilashi,
ya tsuguna bakin turke ya ce, "Kaka, dubi.
Sukuwar ƙetare ce, ta 'yan shekara uku.
Tsere uku a jere. Wanda ya cinye duka
ya gama da duniya."

Na goge dusa daga hannuna, na karɓa.

Dogayen ƙafafu kamar karan dawa,
fata tana sheƙi, ka ce an shafe ta da man shanu.
Mahayan ba su zauna ba,
sun duƙa kan likkafa kamar masu tsintar gyaɗa.
Jama'a na ihu cikin harshen da ban sani ba,
amma harshen kofato ɗaya ne ko'ina.

Shi yana kallon na gaba.
Ni idona na kan wani bikili, na bakwai,
da ya ɗan sassauta hannun hagu a kwana.
Na san wannan takun.
Na taɓa jin sa ƙarƙashin cinyata
a filin sukuwa, shekarar da Kubanni ta cika ta batse,
ranar da Ɗan Sauro ya durƙusa da ni
saura taku arba'in.
Ni na tashi da ɗingishi. Shi bai tashi ba.

"Kaka, namu fa? Ya kusa cika uku."

Na waiwaya. Dukushin yana tauna harawa,
bai san da kambi ba, bai san da kuɗi ba,
ƙuda kawai yake kora da wutsiya.
Na shafa gwiwarsa. Ƙashin bai gama nuna ba,
ɗanye ne, kamar tukunyar da ba a gasa ba.

Na ce, "Baɗi."
Ya ce, "Baɗi ya wuce uku, Kaka.
Sau ɗaya ake shekara uku."

Yaron ya yi gaskiya, shi ya sa na yi shiru.

Caji ya ƙare kafin mu ga wanda ya ci.
Rana ta faɗa bayan Kufena.
Na jiƙa kanwa, na kwance ragama,
muka ja shi kilisa ta bayan ganuwa,
yaro a dama yana fushi,
ni a hagu ina jan ƙafa,
ina tunanin bikilin nan, na bakwai,
ko akwai wani tsoho a bargarsu
da zai taɓa masa gwiwa yau da dare.