Gwangwanin Sunaye

Ni ne Talle mai zane, na bayan Taminus,
shagona bai fi taku huɗu ba.
Ubana ya haƙi kuza a Bukuru har tari ya gaje ƙirjinsa,
ni kuma na shigo wa ƙarfe ta wata ƙofar:
ina sassaƙa sunan 'yan majalisa a kan tagulla,
noti biyu, hagu da dama,
in kafa a goshin tebur.

Duk shekara huɗu masinja zai leƙo:
"Talle, taho da sukudireba."
Kwancewa ta fi ɗaurawa sauri.
Iyakar karatuna a siyasa ke nan.

Na fara ina yaro, ina riƙe wa maigidana jaka,
lokacin mutanen Lafiya da Keffi na zama tare da mu,
kafin a ja layi a taswira su tattara su yi kudu.
Wata asuba soja ya yi gyaran murya a rediyo,
aka danna wa zaure kwaɗo.
Shekaru gizo-gizo ne kakakin majalisa,
ɓera ke kawo ƙuduri,
ba mai cewa bai yarda ba.

Honarabul Dakwak ya maido ni sau uku,
wai harafin farko bai kai girmansa ba.
Damina biyu, kotu ta ce ba shi ya ci ba.
Kachollom, tsohuwar malamar firamare,
ita kaɗai ta tambayi nawa ake biyana.
Ta yi ta maganar gadar ƙauyensu har muryarta ta dushe.
Gadar na nan lafiya a takarda,
ambaliya ba ta taɓa ta ba.
Barau ya sauya jam'iyya sau huɗu,
tagullarsa ba ta ma san an yi ba.
Selbar kuwa, ranar da gari ya kama wuta,
mutum goma sha ɗaya ya ɓoye a garejinsa,
bai tambayi ina kowa ke fuskanta in zai roƙi Allah ba.
Nasa sai da na goge da toka da lemun tsami
kafin in ajiye.

Duk suna nan a gwangwanin madara ƙarƙashin bencina,
mai rinjaye kwance a kan marar rinjaye,
wanda ya tsige da wanda aka tsige, baya da baya.
In na girgiza,
ƙararsu ɗaya.

Jiya sabon jeri ya iso, suna ashirin da huɗu.
Na bakwai ɗan Dakwak ne.
Ya turo direba da saƙo:
a ƙara wa harafin farko girma.

Na ƙara masa.
Notin dai ban matse sosai ba.
Jikana ne zai je kwancewa,
yaron hannunsa bai yi ƙwari ba tukuna.