Da Saura

Daren jiya an kwana ana ruwa a Asokoro.
Da asuba na tarar da kwamin iyo ya cika har baki,
ganyen mangwaro uku na shawagi a kai.
Na'urar da ke bayan ɗakin janareta
ta kunna jar fitila: gishiri ya yi ƙasa.

Na naɗe hannun riga, na nitsa kofi
sai da ruwa ya kai min gwiwar hannu,
don na saman baƙo ne, ba ya faɗin gaskiya.
Na tsoma siririyar takardar gwaji,
na tsuguna a kan tayil ina jiran
farin layi ya hau
a hankali, kamar mai ciwon ƙafa a matakala.

Dubu biyu da ɗari huɗu.
Injiniya Talle ya ce kada ya gaza dubu uku.
Buhu biyu ke nan.

A Keana, uwata ba ta san lamba ba.
Ta tace ƙasa, ta ɗora kasko, ta iza wuta,
ta ɗiga a harshe, ta ce ya yi,
ko ta ce da saura.
Ni ga ni na farke buhu da wuƙa
ina juye wa ruwa gishirin miyar unguwa guda,
ina bin sa da buroshi har ya ɓace.

Sai gobe zan sake aunawa, yau bai gauraya ba.
Amma da na waiga ba kowa,
labulen bene a sake,
na tsoma yatsa, na kai baki.

Da saura, Inna.